Yadda ake tausa gurbin Taichong, maɓallin hanta a likitancin gargajiyar Sinawa

Bahaushe idan ya tsorata sai ya ce hantarsa ta kaɗa. Idan ya ga aminan da ba sa rabuwa, ya ce ai su hanta da jini ne. Basine shi kuwa fushi yake jingina wa hanta. Mutum ya harzuƙa ya fara ɗaga murya, sai su ce wutar hantarsa ta tashi, wato gan huo da harshensu. Maganar hanta da jinin ma tana can, domin tsohon littafin likitancinsu, Huangdi Neijing, wanda aka tattara sama da shekara 2000 da suka wuce, cewa ya yi hanta ce rumbun jini, kuma idan mutum ya kwanta jininsa can yake komawa.

A birnin Gwanzu na fara sanin gurbin da zan yi bayani a kai, a ɗaya daga cikin shagunan tausar ƙafa da 'yan kasuwarmu kan faɗa idan sun wuni suna zaga kantuna. Aka fara jiƙa mini ƙafafu a bokitin katako mai ruwan ɗumi. Can mai tausar, wani dattijo mara yawan magana, ya ɗora babban yatsansa a bayan ƙafata, tsakanin babban yatsa da na kusa da shi, ya danna. Ban san lokacin da na fizge ƙafar ba. Ya yi dariya, ya ce wa abokin tafiyata mai jin harshen: mutumin nan yana da yawan fushi. Ranar kuwa na sha cacar baki da wani dillali a kan kaya. Ko ƙafar ya karanta ko fuskata, oho, don duk wanda ya wuni a kasuwar nan ai ba zai rasa abin fushi ba. Abin da zan iya shaida shi ne na fito daga shagon jikina sakayau, na kuma yi barcin da na kwana biyu ban yi ba.

Sunan gurbin Taichong, ana furta shi kusa da "tai-cung", ma'anarsa babbar ɓulɓula ko babbar kwarara. A littattafai za ka ga an sa masa lamba LR3, wasu su rubuta LV3, wato gurbi na 3 a kan hanyar hanta, ɗaya daga cikin layukan da suka ce ƙarfin rai ke bi a jiki.

Hantar da suke nufi

Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Kalmar gan da ake fassara mana da hanta ba ta tsaya kan tsokar nan da mai tsire ke yanka mana da gishiri da yaji ba. A wurin likitocin gargajiyar Sin suna ne na tarin ayyuka: ajiye jini, daidaita tafiyar abin da suke kira ci (ƙarfin rai da suka ce yana kewaya jiki), kula da jijiyoyin gaɓoɓi, da idanu, da farce. Suna haɗa ta da itace, da launin kore, da ɗanɗanon tsami, da lokacin da tsirrai ke tohowa bayan sanyin hunturu. Idan suka ce ci ɗin hantar mutum ya cushe, ga abin da suke gani: yawan ajiyar zuciya, saurin hasala, nauyi a gefen haƙarƙari, ciwon kai a gefe ko a tsakar ka, jan ido, ciwon mara gab da al'ada, farkawa tsakar dare barci ya ƙi dawowa. Ka ga rabin wannan lissafi abin da mu za mu kira damuwa ne da gajiya.

Hanyar hantar, a taswirarsu, tana da gurabe 14 a kowane ɓangaren jiki. Takan faro daga gefen farcen babban yatsan ƙafa, ta hau bayan ƙafa, ta wuce ta gaban idon sawu na ciki, ta bi cikin ƙwauri da cinya, ta ratsa matsematsi da ciki, ta tsaya a ƙasan nono tsakanin ƙashin haƙarƙari na 6 da na 7. Jimillar guraben da aka amince da su a jiki 361 ne, kuma a 2008 ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya na yammacin tekun Fasifik ya fitar da littafin da ya daidaita wurin kowanne, bayan masanan Sin da Japan da Koriya sun zauna sun sasanta bambancinsu.

Likitan fiɗa dai bai taɓa buɗe jiki ya ga wannan hanya ba. Abin da ke ƙarƙashin yatsanka a gurbin Taichong tsoka ce da jijiyar jini da reshen jijiyar da ke kai saƙon ji zuwa tsakanin yatsun nan biyu. Ni ina ɗaukar hanyar a matsayin taswirar da mutane suka zana daga dogon lura da jikin marasa lafiya. Tausar tana da amfani wajen sassauta jiki da kwantar da rai, ba ta kuma kashe ƙwayar cuta. Zan dawo kan wannan a gaba.

Gano gurbin

Ka wanke ƙafa tukuna, ka tsane ta sosai har tsakanin yatsu. Duba farcen babban yatsan hannunka, idan ya yi tsawo ka yanke, don da tsokar kan yatsa ake dannawa ba da farce ba. Zauna a tabarma ka tanƙwashe gwiwa ɗaya tafin ƙafar na ƙasa, ko a kujera ka ɗora ƙafar kan wata 'yar kujera. Mai tumbi ko mai ciwon baya ya fi masa sauƙi ya ɗora idon sawun ƙafa ɗaya a kan ɗaya gwiwar.

Yanzu sa ɗan alinka a fatar da ta haɗa babban yatsan ƙafa da na biyu. Daga nan ka ja shi a hankali zuwa sama, wajen idon sawu. Za ka ji kana tafiya cikin wani kwari mai laushi, ƙashi ta dama, ƙashi ta hagu. Waɗannan su ne dogayen ƙasusuwan bayan ƙafa na yatsan farko da na biyu. Ci gaba da ja, kwarin zai riƙa tsukewa har yatsanka ya ci karo da inda ƙasusuwan biyu suka haɗe kamar bakin gwafa. Kada ka hau kan ƙashin. Dawo baya kaɗan, cikin ɗan ramin da ke gab da mahaɗar. Nan ne Taichong.

Wajen neman gurbi, likitocin gargajiyar Sin ba sa auna jiki da tef. Ma'auninsu sunansa tsun, kuma faɗin babban yatsan hannun mai jikin ne a daidai gaɓarsa. Daga fatar tsakanin yatsu zuwa gurbin kamar tsun ɗaya da rabi ne zuwa biyu, wato kusan faɗin yatsu biyu zuwa uku idan ka jera su. Da yatsun mai ƙafar ake auna, shi ya sa idan yaro za ka yi wa, ba da naka yatsun za ka gwada ba.

Alamu biyu za su tabbatar maka ka dace. Ta farko, idan ka ɗora yatsa ba tare da dannawa ba ka yi shiru, sau da yawa za ka ji bugun jini a wurin ko kusa da shi. Ta biyu, idan ka danna za ka ji wurin ya fi kewayensa amsawa. Kuskuren da aka fi yi shi ne tsayawa kusa da yatsu tun ba a kai ba. Wannan wurin ma gurbi ne, amma wani daban, sunansa Xingjian, na 2 a kan hanyar, za mu zo kansa.

Dannawa

Riƙe ƙafar da hannu ɗaya: babban yatsa a kan gurbin, sauran yatsu huɗu a tafin ƙafa suna tallafe. Da haka ƙarfin yake fitowa daga matsin hannu duka, babban yatsan ba zai yi saurin gajiya ba. Ja numfashi, sannan yayin da kake sauke shi ka nutsa yatsan cikin ramin sannu a hankali, kana ɗan karkata shi zuwa sama, wajen mahaɗar ƙasusuwan. Kada ka caka lokaci guda irin yadda dattijon nan ya yi mini. Shi ya san hannunsa, kai yanzu kake koyo.

Abin da ake nema Sinawa suna kiransa de ci, wato isowar ci, kuma suna siffanta shi da kalmomi huɗu: suan, ma, zhang, zhong. Ta farkon ta ba ni mamaki da na ji fassararta, domin suan tsami take nufi, na lemo da na jiki duka, daidai yadda mu ma muke cewa jikina ya yi tsami bayan aikin gona. Ma shi ne ɗan minjirya-minjiryar nan, zhang jin kamar wurin ya cika, zhong kuwa nauyi. Idan ka ji ɗaya daga ciki, musamman tsamin nan mai zurfi wanda ke da zafi amma ba ka so a daina, to ka isa. Wani lokaci ji yakan bi zuwa yatsu ko ya haura bayan ƙafa, ba komai. Abin da ba a so shi ne zafi mai kaifi kamar sukar allura, ko fizga kamar ta lantarki. Wannan alama ce ka danne jijiyar saƙo ko ka hau gefen ƙashi, sai ka sassauta ka gusa kaɗan.

Wajen ƙarfi, ka ƙaddara goma ita ce zafin da ba za ka iya jurewa ba, to ka tsaya a biyar ko shida. Gwaji mai sauƙi shi ne fuskarka da numfashinka. Muddin ka fara yamutsa fuska ko riƙe numfashi, ka wuce gona da iri.

Da ka kai wannan zurfin, tsaya cak kamar daƙiƙa 10. Sannan ka fara juya yatsan, ƙananan kewaye, ba tare da ka ɗaga shi daga fata ba. Fatar da naman ƙarƙashinta ne za su riƙa motsi tare da yatsan, ba gogar saman fata ake yi ba. Bayan kamar rabin minti ka sassauta ka bar jini ya dawo, ka sake nutsawa. Minti 2 zuwa 3 a ƙafa ɗaya ya isa, sai ka koma ɗayar. Kusan kowa yakan tarar ɓangare ɗaya ya fi ɗaya tsami, ka ɗan ƙara masa lokaci, amma kada ka ƙara masa ƙarfi.

Za ka ji ana gardama kan ko ta dama ake juyawa ko ta hagu, wai ɗaya yana ƙara ƙarfin ran nan da suke kira ci, ɗaya yana rage shi. Su kansu malaman abin ba su haɗu kan magana ɗaya ba, don haka juya ta inda hannunka ya fi sakewa.

Ni kuskuren da na yi da na dawo gida shi ne garaje. Na ga babban yatsa ba ya ba ni zafin da na ji a shagon, sai na ɗauko gindin biro na riƙa murzawa ina kallon labarai. Washegari wurin ya yi baƙi ya tasa, kwana uku ban iya sa rufaffen takalmi ba. Naman bayan ƙafa ba shi da kauri, jijiyoyin jini kuma suna kusa da fata. Wanda yatsansa ba shi da ƙarfi, ya yi amfani da gaɓar ɗan ali a tanƙwashe, ko ya ɗora dunduniyar ɗaya ƙafar a kan kwarin ya murza a hankali, wannan ma hanya ce da tsofaffi ke bi idan sunkuyo ya yi musu wuya.

Turawa zuwa Xingjian, da ƙofofi huɗu

Bayan dannawa akwai ƙarin da Sinawa ke yawan yi wa mai zafin rai da jan ido. Shafa ɗan man kaɗanya ko man zaitun a kwarin, ka ɗora babban yatsa a Taichong, ka tura shi ƙasa har zuwa gab da fatar tsakanin yatsu, inda Xingjian yake. Ɗaga yatsan, koma sama, sake turowa. Hanya ɗaya ake bi, daga sama zuwa ƙasa, kamar mai tatsa. Sau 20 zuwa 30 a kowace ƙafa. Suna cewa wannan yana sauke wutar hanta. Idan ka gama ka goge man da ya shiga tsakanin yatsu, don danshi a wurin yana jawo ƙaiƙayi da ruɓewar fata.

Taichong yana da abokin tafiya a hannu, sunansa Hegu, lambarsa LI4. Haɗe babban yatsan hannu da ɗan ali, za ka ga tsoka ta taso a bayan hannun. Ɗora ɗaya babban yatsan a ƙololuwar tudun, ka saki hannun, ka matsa kana karkata zuwa ƙashin ɗan ali. Minti 1 kowane hannu. Hegu biyu da Taichong biyu su ake kira si guan, ƙofofi huɗu, kuma haɗi ne da likitocinsu suka daɗe suna yi wa ciwon kai da ƙuncin rai. Na hannun yana da daɗin sha'ani, ana iya yin sa a cikin mota ko a ofis ba wanda ya lura.

Yaushe, kuma sau nawa

A agogon jikin da suka tsara, kowanne daga kayan ciki yana da awa biyu, na hanta kuwa daga ƙarfe 1 zuwa 3 na dare ne. Wannan ba ya nufin ka sa ƙararrawa ka tashi tausa. Abin da suke so a lokacin shi ne a same ka cikin barci mai nauyi, shi ya sa suke matsa wa mutum ya kwanta kafin 11. Lokacin da ya fi dacewa da tausar shi ne bayan sallar isha'i, an ci abinci ya faɗa, ƙafa kuma a wanke take. Idan da hali ka jiƙa ta a ruwan ɗumi minti 10 zuwa 15 tukuna, musamman da hunturu lokacin da ƙafa ke bushewa ta yi kaushi. Sau ɗaya a rana ya wadatar, sau biyu ba laifi. Ka yi mako biyu a jere kafin ka yanke hukunci ko yana yi maka wani abu, kana lura da barcinka da yawan ciwon kai. Idan wurin ya kwana da tsami, ka ba shi hutun kwana ɗaya ko biyu.

Waɗanda za su dakata

Mai juna biyu kada ta taɓa Hegu, domin tun a tsofaffin littattafansu an hana shi ga mai ciki, kuma ya fi mata ta bar Taichong ɗin ma har ta sauka lafiya. Mai ciwon suga wanda ƙafarsa ta fara mutuwa ba ya jin zafi yadda ya kamata, zai iya ji wa kansa ciwo da yatsa ko ya ƙone da ruwan zafi bai sani ba, gyambon ƙafar mai suga kuwa kowa ya san inda yake kaiwa. Haka mai shan maganin tsinka jini, da mai rauni ko ƙurji ko kumburi a wurin, da wanda gaɓar babban yatsansa ta yi ja ta kumbura tana zogi. Ƙafa ɗaya da ta kumbura ita kaɗai, ƙwauri na ciwo yana ɗumi, ba a tausa ta sam, asibiti ake kai ta a ranar, don yana iya zama gudan jini ne ya toshe jijiya. Idan kana cikin yi ka ji jiri ko zufa ta karyo, ka tsaya, ka kwanta, ka sha ruwa.

Idan hantar gaske ce ke ciwo

Babu wata hujja tabbatacciya da ta nuna danna ƙafa yana rage ƙwayar cutar hanta, ko ya narkar da kitsen da ya taru a kanta, ko ya gyara hantar da ta ƙanƙance. Ƙasar da ta haifi Taichong ita ma ba da tausa ta yaƙi ciwon hanta nau'in B ba. A 1992 Sin ta fara yi wa jarirai allurar rigakafinsa, lokacin kusan 10 cikin 100 na yaranta 'yan ƙasa da shekara biyar suna ɗauke da ƙwayar. Zuwa 2006 adadin ya faɗo ƙasa da 1 cikin 100.

Mu nan abin ya shafe mu kai tsaye. Babban binciken da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da nau'in B, kuma cuta ce da kan yi shekaru tana ci a ɓoye mai ita yana harkarsa. Tana bin jini: daga uwa zuwa jariri wajen haihuwa, askar da aka yi wa mutum biyu aiki da ita ba a dafa ba, reza, allura, da saduwa. Idan ido ya yi rawaya irin na shawara, fitsari ya yi duhu kamar baƙin shayi, bayan gida ya yi fari-fari, ciki ya kumbura da ruwa, ko aka yi aman jini, ko mutum ya fara ruɗewa yana barcin da ba a gane ba, wannan ya wuce tausa da jiƙo.

A yi hattara kuma da ƙwayoyi da garin da ake tallatawa da sunan wankin hanta, ko da an rubuta harshen Sinanci a jikin kwalin. Akwai tsiron Sin mai suna he shou wu wanda ake sha don baƙin gashi da ƙarin ƙarfi, likitoci kuma sun tabbatar yana lalata hantar wasu masu shan sa. Farasitamol ma da muke ɗauka kamar alewa, babba mai lafiya kada ya wuce giram 4 a rana, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, mai ciwon hanta kuwa sai abin da likita ya ƙayyade masa. Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a rumbu suna ɗauke da gubar da ke jawo dajin hanta, a zubar da su, dafuwa ba ta kashe ta.

Gwajin nau'in B sunansa HBsAg, ɗigon jini ne daga yatsa, sakamakon yakan fito cikin mintuna. Wanda ba a same shi da ita ba sai ya karɓi rigakafi, allura uku: ta farko, ta biyu bayan wata 1, ta uku a wata na 6. Wanda aka samu yana da ita, likita zai ƙara gwaje-gwaje ya ga ko lokacin fara magani irin su tenofovir ya yi, a kuma gwada matarsa ko mijinta da 'ya'ya. Nau'in C shi ana warkewa daga gare shi da ƙwayoyin da ake sha kamar mako 12. Jariri kuwa allurarsa ta farko cikin awa 24 da haihuwa ake so a yi ta. Idan a gida aka haihu, a naɗe shi a kai shi asibiti mafi kusa a ranar, kada a ce sai an yi suna.